ABINCIN SANIYAR TATSA A LOKACIN RANI

Jawabi ga hakimai da malaman gunduma



Kowace shekara, tun daga watan Fabrairu har faɗuwar ruwan fari, labarin da a kan kawo wa hakimi daga rugage kusan iri ɗaya ne. Nono ya ƙafe, saniya ta haihu ta kasa tashi, maraƙi ya mutu, an kira mahauci ya saye uwar a wulakance. In an tambayi mai shanu sai ya ce ciwo ne. Ciwo ne kuwa, amma sau da yawa yunwa ce ta buɗe masa ƙofa. Ga shi kuma yanzu kasuwannin shanu sun cika da masu tallan gari da ƙwayoyi da kwalabe, kowa yana rantsuwa nasa yana kawo nono, yana kuma ƙara wa saniya ƙarfin jiki. Waɗansu daga cikin kayan nan suna da amfani, waɗansu ɓarnar kuɗi ne, waɗansu kuwa kisa su ke yi in an yi ganganci da su. Da ya ke hakimi shi ne wanda arɗo da dagaci su kan zo wa da tambaya, ya kamata ya san yadda a ke rarrabe su.

Sai an fara da cikin saniya kafin a gane sauran magana. Saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba. A cikin tumbinta akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, yawansu ya wuce ƙidaya, su ne ke aikin. Ita tana yi musu kiwo tana tuƙa, su kuwa suna mai da ciyawar abin da jikinta zai iya ɗauka. To, halittun nan su ma suna da nasu abinci, watau abin nan mai gina jiki da masana ke kira furotin. In bai kai kamar kashi 7 cikin 100 na abin da ta ci ba, sai su yi rauni, aiki ya tsaya. Ciyawar damina tana ɗanya ta kan wuce wannan. Amma wadda ta bushe a tsaye, rana da iska suka dake ta har watan Maris, abin da ya saura cikinta bai fi kashi 2 ko 3 ba. Shi ya sa a kan ga saniya cikinta tirtsitsi da busasshiyar ciyawa, ga haƙarƙari a waje. Ba rashin ci ke damunta ba, abin da ta ci ne ya tsaya a tumbi bai narke ba, don haka ba ta da wurin zuba wani.

Sa da karsana su kan jure wannan, su rame, damina ta zo su murmure. Saniya mai ciki ko mai shayarwa ita ce ke shan wuya, domin Allah ya halicce ta a kan ta fifita ɗanta bisa kanta. In abinci bai isa ba, kitsenta za ta narkar ta yi nono, in ya ƙare ta shiga tsokarta, har da ƙashinta. Likitocin dabbobi sun tabbatar lokacin da ya fi hatsari shi ne mako uku kafin haihuwa da mako uku bayanta. A sa'an nan ne cin abincinta ya kan ragu, bukatarta kuwa ta ƙaru, sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun da ke yaƙi da cuta, su yi sanyi. Wannan ƙarfi na tsare kai shi a ke kira garkuwar jiki. Da ta yi rauni sai a ga mabiyiya ta maƙale ta ƙi faɗowa, hantsa ta kumbura, kirci ya bazu a fata. Sammore da ciwon hanta da tsutsar ciki waɗanda da ma suna nan kwance cikin jiki, saniya tana fama da su ba a sani ba, sai su taso gaba ɗaya. Wadda ta tsira ma ta kan daɗe ba ta nemi sa ba. Binciken da aka yi a rugagen Kudancin Kaduna ya nuna Bunaji ta kan yi kamar shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, alhali mai ƙoshi tana iya haihuwa kusan kowace shekara. Duk mai lissafi ya san maruƙa nawa ke nan garke ya yi hasara cikin shekara goma.

Saboda haka abin da ya fi kowane gari na kwalba shi ne ruwa da abinci. Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, saniyar da ke shan ruwa sau ɗaya cikin kwana biyu ba abin da za a barbaɗa mata ta kawo nono. Bayan ruwa sai abin da zai ta da halittun tumbi. Ba sai an je nesa ba. Harawar wake da ta gyaɗa, in an ɗaure su da ganyensu aka ajiye bisa rumfa ko a inuwa, sun ninka busasshiyar ciyawa furotin sau uku ko huɗu. 'Ya'yan gawo ma haka, ga shi itacen ya kan yi ganye da 'ya'ya daidai lokacin da sauran daji ya bushe, don haka wanda ya sare gawo don gawayi ya yi wa gunduma ɓarna biyu, ta gona da ta garke. Akwai ƙowar wake, da dusa, da angurya, da ƙulin angurya na injin matsar mai, da tunkuza. Kilo ɗaya na ƙulin angurya a yini ya isa ya sa Bunaji ta soma narkar da karan dawa da ingiricin da da ba ta iyawa. Sai dai angurya ba ta maruƙa ƙanana ba ce, akwai wani dafi cikinta wanda tumbin babbar saniya ke kashewa, na maraƙi kuwa bai ƙosa ba tukuna.

A nan ne a ke yin kuskure babba. Mai shanu hamsin ya sayo buhu biyu ya zuba wa garke duka, manyan bijimai su ture masu ciki su cinye, cikin kwana huɗu buhu ya ƙare ba wadda ta amfana. Daidai shi ne a ware masu cikin da ya rage musu wata biyu, da waɗanda suka haihu kwanan nan, a ba su su kaɗai kowace safiya. In kuɗin saye ne babu, to, tsohuwar saniya da ta daina haihuwa da bijimin da ba a bukata su ne kuɗin, a sayar da su da kaka suna da ƙiba, lokacin da harawa da dusa ke da araha. Magana ce mai nauyi ga Bafillace, gama yawan garke shi ne darajarsa a idon 'yan'uwa. Ba kuwa wanda zai iya faɗa masa ita ya saurara sai babba irin hakimi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan a zo kan abubuwan ƙari, waɗanda kaɗan a ke bukata amma rashinsu ya kan nuna. Na farko gishiri. Wannan makiyaya sun riga kowane likita saninsa. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke kawo kantu daga Bilma da Fashi, ana kai wa shanu manda da kanwa, har yau kuma makiyayan Nijar su kan kora dabbobinsu zuwa wajen Ingal ƙarshen damina don su sha ruwan gishiri su lashi ƙasarsa. Saniya mai shayarwa tana bukatar kamar cokali biyu ko uku kowace rana, gara kuwa a ajiye mata ta riƙa lasa kullum da a bari sai bayan wata uku a cika mata ciki. Amma fa gishiri da kanwa ba su da wani sinadari da ƙasar nan ta ke da ƙarancinsa ƙwarai, wanda a ke kira fosforas. Shi ne abokin kalsiyam wajen gina ƙashi, kuma kowace ƙwaryar nono da aka tatsa da shi ta ke fita.

Alamar rashinsa kowa ya taɓa gani. Saniya ce za ta bar ciyawa ta tsaya tana gwaguyar ƙashi, ko itace, ko tsumma, a bakin gari kuwa ta haɗiyi leda har ta toshe mata tumbi. Jama'a su kan ce mugun hali ne. A Afirka ta Kudu an yi shekaru shanu suna mutuwa da wani ciwo mai shanye ƙafafun baya, harshe ya zazzago, ba a san sanadinsa ba, sai wajen 1920 wani likitan dabbobi mai suna Arnold Theiler ya gano asalin abin. Ƙasarsu ba ta da fosforas, shanu suna bin ƙasusuwan mushe suna ci, cikin mushen kuwa akwai dafi mai tsanani da wata ƙwayar cuta ke yi. Da aka ba shanun abin da su ke nema suka daina bin mushe, mutuwa ta ragu. Abin da ya ba su a wancan zamani garin ƙashi ne. Yau ba a yarda da wannan ba, domin a 1986 aka gano ciwon haukan shanu a Ingila, aka kuma bi sawunsa har zuwa garin nama da ƙashi da a ke zuba wa shanu cikin abinci, ƙasar ta hana shi a 1988. Abin da a ke amfani da shi yanzu dutsen lasa ne wanda aka haɗa da fosforas na ma'adini. Wanda zai saya ya sa a karanta masa takardar jikinsa, gama da yawa daga cikin jajayen duwatsun da ke kasuwa gishiri ne kawai aka yi wa launi. Dagatai kuma su ga an binne mushe da zurfi ko an ƙone shi, kada a bar shi a mashaya ko a burtali.

Bayan fosforas akwai bitamin A, wanda saniya ke samu daga koren ganye ta ajiye cikin hanta. Ajiyar ta kan kai 'yan watanni, sa'an nan ta ƙare tun rani bai ƙare ba. Daga nan sai dundumi, saniya ta riƙa karo da turke da magariba, ido yana hawaye, maruƙa su zo da rauni. Harawar da ba ta rasa korenta ba, da ganyen gawo, da ganyen zogale inda a ke da shi, duk suna maganin wannan, in kuwa abin ya yi nisa likita yana da allura. Akwai kuma bitamin E da siliniyam, waɗanda bincike a Amurka ya nuna rashinsu yana ƙara kumburin hantsa da maƙalewar mabiyiya, da zinki da tagulla masu taimakon fata da kofato da dakarun jini. Dutsen lasa mai kyau ya kan ƙunshi galibinsu. Abin lura shi ne, waɗannan cike giɓi su ke yi. Saniyar da ba ta rasa su ba, ƙari ba zai amfane ta da kome ba, siliniyam kuwa tsakanin abin da ya isa da abin da ke kisa ba nisa. Tagullar da ta yi wa saniya daidai tana taruwa cikin hantar tunkiya har ta kashe ta, saboda haka dutsen shanu ba na tumaki ba ne.

Wani abu da hakimai za su riƙa jin labarinsa shi ne ba shanu takin zamani, watau yuriya. Wanda ya ji karo na farko sai ya ce hauka ne, amma gaskiya ne halittun tumbi suna iya mai da shi furotin. Hanya biyu a ke bi. Ko a dama shi da baƙin maɗin rake da ke saura a masana'antar sukari, irin ta Numan, a haɗa da dusa da gishiri da ɗan siminti ya daskare ya zama dunƙule mai tauri, takin kada ya wuce kashi 10 cikin 100, saniya ta riƙa lasa kaɗan kaɗan. Ko kuwa a narkar da kilo 4 cikin ruwa a yayyafa wa kilo 100 na bambaron shinkafa ko yankakken kara, a danne cikin rami a rufe da leda ba iska har mako uku, a buɗe a sha iska kana a bayar. Dukansu suna aiki. Amma saniya mai yunwa in ta sami takin tsurarsa, ko ta sha ruwan saman da ya taru a kan dunƙulen, kafin sa'a guda ta kumbura tana makyarkyata ta faɗi. Ba a ba maraƙin da bai kai wata shida ba, ba a ba doki ko jaki. Kada kowa ya gwada sai malamin dabbobi ya nuna masa da hannu. Buhunan taki da a ke rabawa da bazara kuma a ajiye su inda dabba ba ta kaiwa.

Akwai abincin da shi kansa ne ke karya garkuwar jiki, ga shi kuwa shi ne mai araha a kasuwa. Gyaɗa ko masara ko tunkuza da ta sha danshi ta yi fumfuna, wadda mutum ya ƙi, a kan ce a ba dabbobi. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar ƙulin gyaɗa ne da aka kawo daga Burazil. Daga nan aka san dafin fumfuna da a ke kira aflatoksin. Yana cin hantar saniya a hankali, ya rage mata ci da nono, ya raunana dakarun jininta, ba a ganin kome sai rama. Abin da ya fi muni, wani kashi nasa yana bi ta cikin nono, tafasawa kuwa ba ta kashe shi. Watau yaron da aka dama wa fura da nonon nan ya sha rabonsa, ga shi an tabbatar dafin yana cikin masu kawo ciwon daji na hanta ga ɗan Adam. Ana sayar da wani garin yumɓu da a ke haɗawa cikin abinci ya kama dafin cikin hanji, yana kuwa ragewa, amma ba ya mai da ruɓaɓɓen abu ya zama mai kyau. Maganin yana gona da rumbu: a shanya amfani ya bushe sarai, kada buhu ya taɓa ƙasa, abin da ya yi wari ko kore a zubar. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani abu mai suna Aflasafe da a ke watsa wa gonar masara da ta gyaɗa kafin su yi fure, yana rage dafin tun daga tushe.

Garin yis da makamantansa, waɗanda a ke talla da hoton ƙatuwar saniyar Turai, an yi su ne domin shanun da a ke ɗura wa hatsi mai yawa har tumbinsu ya yi tsami. Mai gonar da ke da irin waɗannan ko ruwa-biyunsu ya shawarci likitansa. Bunaji ko Rahaji ko Bokolo da ke kan busasshen kara, kuɗin yis gara a sayo mata harawa da shi.

Wanda ya zama wajibi a tsawata a kansa shi ne zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin abinci ko ruwa, ko yi wa saniya allurarsa duk sa'ad da ta yi yaushi, wai don ƙarin ƙarfi. Ba ya ƙara ƙarfi. Abin da ya ke yi shi ne koya wa cuta jure magani, ran da a ke bukatarsa da gaske ya ƙi ci, ga dabba da mutum duka. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana zuba shi cikin abinci don ƙiba tun 2006. Yana kuma fita cikin nono, mata sun sani, domin kindirmo ya kan ƙi kwanciya, masu sayen madara na kamfani kuwa su kan gwada su mayar da ita. Kowane magani yana da kwanakin da a ke zubar da nono bayansa, a rubuce a jikin kwalba. Wanda ba shi da lambar hukumar NAFDAC, ko kwanansa ya wuce, ko ya yini cikin rana bisa tabarma, kada a saya.

Game da allurar rigakafi, ba wanda ya isa ya raina ta. Cibiyar Vom tana wannan aiki tun 1924, da allura kuma aka kawar da bushiya, wadda ta yi wa garkunan ƙasar nan ɓarna har a 1983, aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Ciwon huhu da saifa da harbin daji kuwa suna nan. Amma allura koya wa dakarun jini fuskar abokin gaba ta ke yi, su ne masu yaƙin. In yunwa ta riga ta kwantar da su, ba lalle ta kama yadda a ke so ba, sa'an nan mai shanu ya ce allurar gwamnati ba ta da kyau, baɗi ya gudu da garkensa daji. Hakimi ya yi ƙoƙari da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a zo wa gundumarsa da kaka ko farkon ɗari, shanu suna da jiki. In ba ta samu sai da rani, a karɓa, kada a ƙi. Maraƙi kuwa rigakafinsa na fari dakashi ne. Ya sha ya ƙoshi cikin sa'a 6 na farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina ɗaukar garkuwar da ke ciki. Dakashin saniyar da aka ciyar kafin haihuwa ya fi na ramammiya yawa.

Abin da ke hannun hakimi kansa ba kaɗan ba ne. Gobarar daji ɗaya ta masu farautar gafiya ta kan cinye abincin garke ɗari. Burtali da mashaya da aka nome su kan sa saniya mai tsohon ciki ta yi zagayen mil da yawa, abin da ta ci ya ƙare a tafiya. Wuraren kiwo da aka keɓe tun dokar 1965, inda su ke, a san iyakarsu. Sharaɗin cin kara tsakanin manomi da makiyayi a ƙulla shi gaban dagaci tun kafin girbi, a faɗi rana a faɗi kuɗi ko taki. Inda makiyaya suka zauna wuri ɗaya, a taimake su da fili su shuka abincin rani. An gwada wannan wajen Kachiya a shekarun 1980, aka killace kamar kadada 4 aka shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, a kan saki masu ciki da masu shayarwa ciki sa'a biyu ko uku kowace rana. Cibiyar Shika ta Jami'ar Ahmadu Bello tana ba da shawara kan iri. Sa'ad da za a tara mutane don wannan bayani kuma, a tuna a ruga namiji ke sayen dusa, mace ke tatsa ta sayar da nono. Ita ce ta san wace saniya ta rage, ita ce kuma ke yanke abin da za a bar wa maraƙi. In maganar ta tsaya a zaure ba ta kai gare ta ba, rabin aiki aka yi.

Malaman gunduma su buɗe shafi cikin littafi. Duk saniyar da aka kawo labarin mutuwarta, a rubuta wata da ƙauye, da ko tana da ciki ko ta haihu, da abin da a ke ba ta, da ko an gan ta tana cin ƙashi. A rubuta farashin dami na harawa da buhun dusa da na ƙulin angurya da kaka, a sake rubutawa a watan Afrilu, a karanta wa arɗaɗe su ji bambancin da kunnensu. A lura ƙwarai da makonnin farko na damina, domin a nan ne ramammu su kan fi faɗuwa, sun bar busasshen abinci suna bin ɗanyen tsiro mai ruwa wanda ba ya cika ciki sai zawo. A ci gaba da ba su harawa har ciyawa ta yi ƙwari, a kuma tsare su daga gyauron dawa, gama yana ƙarami yana da dafi. In shanu uku ko fiye suka mutu a ruga ɗaya cikin mako guda, kada a jira ƙarshen wata, a aika wa likitan dabbobi ran nan, a hana fiɗa da sayar da naman har ya iso.